Ransome-Kuti: Mahaifin Fela da ya haɗa kan malaman makarantun Najeriya

A duk lokacin da malaman makaranta suka fito zanga-zanga kan albashi ko zaftare kuɗin ilimi, sunan da ake ji shi ne NUT, wato Ƙungiyar Malamai ta Najeriya. Sai dai ba kowa ya san mutumin da ya fara shugabantarta ba. Shi ne Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, mahaifin fitaccen mawaƙin nan Fela Kuti.

An haife shi a Abeokuta ranar 30 ga Afrilun 1891. Mahaifinsa, Josiah Ransome-Kuti, limamin coci ne da ya yi suna wajen tsara waƙoƙin ibada da harshen Yarbanci. Israel ya yi karatu mai zurfi a Kwalejin Fourah Bay da ke Saliyo, sannan ya dawo gida ya kama aikin koyarwa.

Ya shugabanci makarantar sakandare ta Ijebu-Ode na tsawon shekara 13, inda a 1926 ya haɗa shugabannin makarantun yankin a ƙungiya guda. A 1932 ya koma shugabancin makarantar sakandare ta Abeokuta, ya riƙe ta har 1954. An san shi da tsanani wajen tarbiyya.

Yadda aka kafa NUT

A wancan zamani, yawancin makarantun kudancin Najeriya na hannun mishan ne, gwamnatin mulkin mallaka tana ba su tallafi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin koko da manja da gyaɗa ya faɗi, kuɗin shigar gwamnati ya ragu. Sai ta tsuke bakin aljihu, tallafin makarantu ya ja baya, albashin malamai ya shiga garari. Malaman mishan ne suka fi jin jiki, domin dama can ba a biyansu kamar takwarorinsu na makarantun gwamnati.

Ransome-Kuti ya fahimci cewa kukan malami ɗaya ba ya zuwa ko'ina. A watan Yulin 1931, ƙungiyarsa ta Ijebu da ta malaman Legas da wasu ƙananan ƙungiyoyi suka dunƙule suka zama NUT, aka zaɓe shi shugaba. Ya shafe fiye da shekara 20 a kan kujerar.

Ya riƙa zagaya garuruwa yana jawo malamai cikin ƙungiyar, tana kuma rubuta wa gwamnati takardun koke kan albashi, fansho da tabbacin aiki. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan malami ya gudu daga aji saboda yunwa, ɗalibi ne zai yi asara. Wannan ce hujjar da har yau ke sa iyaye su tsaya bayan malamai. A Arewa ma, a 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman yankin.

Gudunmawarsa ga jami'a

Yana cikin 'yan Afirka uku da aka saka a Kwamitin Elliot, wanda Birtaniya ta kafa a 1943 don duba ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma. Aikin kwamitin ne ya share fagen buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, inda har yau akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai ɗauke da sunansa.

Gidansa ma bai rabu da gwagwarmaya ba. Matarsa Funmilayo ce ta jagoranci matan Abeokuta a boren haraji da ya sa sarkin garin ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Ɗansa Olikoye ya zama ministan lafiya, Beko kuma likita mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam.

Ransome-Kuti ya rasu ranar 6 ga Afrilun 1955, yana da shekara 63. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 10, shi ya gaje shi a shugabancin NUT.