Grace Hopper: Malamar Lissafin da Ta Yi wa Kwamfuta Tafinta

An haifi Grace Hopper a New York a 1906. Malamar lissafi ce, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya kai ta rundunar sojan ruwan Amurka a 1943. A zamanin, da tsurar lambobi ake ba kwamfuta umarni, kuskure guda kan rushe aikin kwanaki. A 1952 ta samar da A-0, manhajar da ke harhaɗa gajerun umarni ta mayar da su harshen inji. Da yawa suka ƙi gaskatawa. A ganinsu kwamfuta lissafi kaɗai ta iya. Daga aikinta COBOL ya samo tushe a 1959, wanda har yau bankuna da ma'aikatu ke lissafin albashi da shi. Ta yi ritaya a 1966, rundunar ta sake kiranta. Sai 1986 ta tuɓe kaki, tana da shekara 79. Ta rasu a 1992.