Tarihin Gerty Cori, wadda ta bi sawun sukari a jikin ɗan Adam

An haifi Gerty Theresa Radnitz ne a birnin Prague ranar 15 ga watan Agustan 1896, a wani gida na Yahudawa. Mahaifinta masanin kimiyya ne da ke shugabantar matatun sukari.

A shekarar 1914 ta shiga jami'a domin koyon aikin likita, inda ta haɗu da Carl Cori. Sun kammala karatu a 1920, kuma a shekarar ce suka yi aure.

Ƙuncin rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙyamar Yahudawa sun sa ma'auratan yin ƙaura zuwa birnin Buffalo na Amurka a 1922.

Zagayen Cori

A can ne suka duƙufa kan wata tambaya: ina sukari ke zuwa bayan mutum ya ci abinci?

An dai riga an san cewa jiki na narkar da abinci mai sitaci, kamar shinkafa da burodi da dankali, zuwa sukarin da ake kira gulukos, sannan ya adana rararsa a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin.

A 1929 suka bayyana cewa idan tsoka na aiki tuƙuru, takan farfasa ajiyar domin samun kuzari, ta bar wani sinadari mai suna laktik. Jini ne ke kai sinadarin hanta, ita kuma ta mayar da shi gulukos ta sake aika wa tsoka. Wannan ne ake kira Zagayen Cori.

Wariya

Duk da haka, jami'o'i da dama sun nemi mijin, amma suka ƙi ba ta aiki.

Da suka koma Jami'ar Washington da ke St. Louis a 1931, shi an ba shi shugabancin sashe, ita kuwa aka ɗauke ta a ƙaramin muƙami, da albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nasa ba. Sai a 1947 ta zama cikakkiyar farfesa.

A wannan shekarar ce ita da mijinta suka raba lambar yabo ta Nobel da Bernardo Houssay na Ajantina, saboda gano yadda jiki ke sarrafa gilaikojin. Ita ce mace ta farko da ta samu lambar a fannin likitanci.

Gab da bikin karɓar lambar aka gano tana ɗauke da wata cutar ɓargo marar magani.

Ta shafe shekaru goma ana yi mata ƙarin jini, amma ba ta bar ɗakin bincike ba. A 1952 ta nuna cewa rashin wani sinadari guda a hanta ne ke haddasa wata cutar gado da ke tara gilaikojin a jikin yara.

Gerty Cori ta mutu ranar 26 ga watan Oktoban 1957, tana da shekaru 61 da haihuwa.