Monika, Baƙuwa a Birnin Milan

Da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Maraɗi ko Dogonduci ka rasa gidan da ɗansu ko 'yarsu take Yamai. Waɗansu karatu ya kai su, waɗansu neman abinci. Wani lokaci ma uwa ce take ɗaure kayanta ta hau mota ta bi ɗanta, ta sauka a wani ɗaki a Kalley kusa da Babbar Kasuwa, inda ba ta san kowa ba. Ran Lahadi ta shiga majami'a, ta tarar waƙar ba irin tasu ba ce, tsarin sujada ma dabam. Ga labarin wata uwa irin wannan. Ta rasu fiye da shekara 1,600 da suka wuce, amma ɗanta Agustin ya rubuta zamanta dalla-dalla, har mun san abin da take sawa cikin kwandonta.

Sunanta Monika. 'Yar Afirka ce. An haife ta wajen shekara ta 331 a Tagast, wani ƙaramin gari da yau ake kira Suk Aharas a ƙasar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Iyayenta masu bi ne. Wata tsohuwar baiwa ce ta rene ta, wadda ta taɓa goyon mahaifinta tun yana jariri. Tsohuwar nan ba ta wasa da horo. Duk da haka, da aka fara aiken Monika ɗebo ruwan inabi daga tulu domin iyayenta, sai ta riƙa kurɓa kaɗan, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta kai ga shanye ƙoƙo cike. Wata rana faɗa ya haɗa ta da wata yarinyar gidan, yarinyar ta kira ta mashayiya. Zagin ya soke ta. Daga ranar ta bari.

Aka aurar da ita ga Fatirisiyus, mutum mai zafin rai, wanda ba mai bi ba ne, ba ya kuma tsayawa ga matarsa kaɗai. In ya hau fushi ba ta tanka masa. Sai ya huce, sa'an nan ta faɗa masa gaskiya. Matan garin da suke fitowa da tabo a fuska sukan yi mamaki da ba a taɓa jin ya ɗaga mata hannu ba. Uwar mijin ma ta tsane ta da fari saboda tsegumin barori, daga baya suka zama kamar uwa da 'ya. An san ta da abu guda: in mata biyu masu gaba suka zo kowace ta zazzage mata cikinta, ba ta ɗaukar maganar wannan ta kai wa waccan, sai abin da zai shirya su. Mijin ya karɓi baftisma gab da mutuwarsa, wajen 371.

Ɗanta Agustin, wanda ta haifa a 354, shi ne abin kukanta. Yaro ne mai kaifin kai. Ya tafi karatu Kartaj, babban birnin yankin, ya ajiye mace ba aure, suka haifi ɗa, ya kuma shiga addinin Mani, ya shekara tara a ciki. A 383 ya yi niyyar ƙetare teku zuwa Roma. Uwar ta bi shi har bakin ruwa tana roƙonsa. Ya ce mata aboki zai raka, ya bar ta ta kwana a wani ɗakin addu'a da ke kusa. Gari na wayewa ta tarar jirgi ya tafi da shi. Wata uwar da nan za ta sallama. Monika ta koma gida ta ci gaba da addu'a, a 385 kuwa ita ma ta shiga jirgi. Hadari ya taso musu a teku, ita ce ta riƙa ƙarfafa zuciyar matuƙan.

Ta same shi a Milan, a arewacin Italiya, inda ya zama babban malamin iya magana. A lokacin fadar sarkin Rum na yamma a nan take, birni ne na sojoji da fadawa da attajirai. Ita kuwa gwauruwa ce mai shekara hamsin da 'yan kai, daga garin da mutanen Milan ba su ma san sunansa ba. Ɗanta da duk iliminsa ya ce mutanen Italiya sukan yi masa gyaran lafazi, balle tsohuwa.

Yaya take yin yininta? Tana riƙe da gida mai mutane: ɗanta, jikanta, da abokan ɗan 'yan Afirka masu shiga da fita. Al'adarta tun a gida ita ce zuwa majami'a sau biyu a rana, safe da yamma, domin ta ji Maganar Allah ta kuma yi addu'a, ba domin hirar tsofaffi ba. Tana ba da sadaka. Abin da ya fi faranta mata rai a birnin shi ne wa'azin Ambros, bishop na Milan, gama ta ga ɗanta ma yana zuwa saurare, ko da yake daɗin bakin mutumin ne ya fara jawo shi.

Ba ta daɗe ba ta yi karo da al'adar gari. A Afirka masu bi sukan ɗauki kunu mai kauri da gurasa da ruwan inabi su kai kaburburan shahidai a ranar tunawa da su, su ɗanɗana, su raba wa waɗanda suke wurin. Monika ta cika kwandonta kamar yadda ta saba. Ƙaramin ƙoƙo guda take tafiya da shi, an surka abin da ke ciki da ruwa sosai, gama ba ta manta da zagin yarinyar nan ba. Tana isa mai tsaron ƙofa ya tare ta, ya ce bishop ya hana. Dalili biyu ne: mashaya sun mai da abin hanyar buguwa, ya kuma yi kama da bikin matattu na masu bautar gumaka. Ku duba, 'yan'uwa, tsohuwa ce, baƙuwa, an tsai da ita a bakin ƙofa da kwando a hannu, a kan abin da uwarta da kakarta suka yi. Mu nawa ne za mu sake taka majami'ar nan? Ba ta yi gardama ba. Ta bar al'adar, abin da za ta sa a kwando ta riƙa ba matalauta. Agustin kansa ya yi mamaki, ya ce yana zaton da wani ne ba Ambros ba ya hana, da ba ta saki da sauƙi haka ba.

Sai maganar azumi. A garinsu ana azumi ran Asabar, a Milan ba a yi. Abin ya dame ta ƙwarai, har ɗanta, wanda bai ko yi baftisma ba tukuna, ya je ya tambayar mata bishop. Ambros ya amsa cewa shi ma in ya je Roma yakan yi azumin Asabar, in ya dawo Milan ba ya yi, kowace ikilisiya mutum ya shiga ya bi tsarinta, kada ya zama abin tuntuɓe. Hankalinta ya kwanta.

Kada wani ya ce ai mai bin iska ce, wadda ta ga mutanen gari da wutsiya ta nemo tata ta liƙa. A 386, wajen Idin Ista, Yustina uwar yaron sarki ta nemi a ƙwace wata majami'a a ba masu bin koyarwar Ariyus, waɗanda suke cewa Ɗan bai kai Uban ba. Ambros ya ƙi. Sojoji suka kewaye ginin. Jama'a suka kwana a ciki, a shirye su mutu tare da makiyayinsu, Monika tana sahun gaba cikin tsaro da addu'a. A cikin dararen nan ne aka fara rera zabura da waƙoƙi irin na ikilisiyoyin gabas, domin kada mutane su karai. Fada ce ta janye. Kunu da ranar azumi ta sake su ba musu, amma a kan ko wane ne Yesu, sai dai a kashe ta.

Tana da nata laifin. Ta so ɗanta ya yi auren da zai ɗaukaka shi, ta nema masa wata yarinya wadda sai an jira ta shekara biyu kafin ta isa aure. Saboda wannan aka sallami uwar jikanta, matar da ta zauna da Agustin wajen shekara 15, ta koma Afirka ba tare da ɗanta ba. A ganina burin birni ne ya shiga idon Monika a nan. Auren ma bai yiwu ba.

A cikin 386 ɗin ne Agustin, yana kuka a lambun gidansu, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya karanta ƙarshen sura 13, ya ba da kansa ga Almasihu. Sai ya shiga ya faɗa wa uwarsa. Daga nan suka koma wani gidan gona na abokinsa a bayan birni, suka yi watanni. Nan muka ga Monika tana hutawa. Malamai in sun zauna muhawara takan zauna tare da su, ba ta jin tsoron sa baki. Ranar da suke neman ma'anar albarka, ita ce ta ce mai son abu nagari ya kuma samu shi ne mai albarka, mai son mugun abu kuwa ko ya samu abin tausayi ne. In muhawara ta yi tsawo takan kore su su je su ci abinci. Wata rana ta ji wani saurayi ɗalibin ɗanta yana rera zabura da ƙarfi a makewayi, ta tsawata masa cewa wurin bai dace ba.

Ambros ya yi wa Agustin da jikan baftisma a daren Ista, a watan Afrilu 387. Suka kama hanyar gida, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen Roma. A can ta tsaya da ɗanta a bakin taga suna duban lambu, suna zancen rai madawwami, ta ce masa abin da ya tsai da ita a duniya ya cika. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ita. Tun da daɗewa ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagast, ta ƙwallafa rai a kai. Amma da ɗanta Nabijiyus ya nuna damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa, ta ce su binne ta ko'ina. A wani lokaci ma ta ce babu wurin da yake nesa da Allah. Ta rasu a rana ta tara ta ciwon, tana da shekara 56.

Agustin ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, har ya mutu a 430. A 1945 waɗansu yara biyu suna haƙa rami a Ostiya domin su kafa sandar gola ta ƙwallo, suka tono ɓarin dutsen da aka rubuta a kan kabarinta.