Kanaris, Shugaban 'Yan Leƙen Asirin Jamus

An haifi Wilhelm Kanaris a Jamus cikin 1887, ya tashi sojan ruwa. Cikin 1935, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman ke nan, aka danƙa masa shugabancin 'yan leƙen asirin soja. Shekara tara yana yi wa Hitila hidima, a ɓoye kuwa yana kare masu ƙulla kayar da shi, har ya taimaka waɗansu Yahudawa suka tsira. Da asirinsa ya tonu, aka rataye shi ran 9 ga Afrilu 1945, saura wata guda Jamus ta miƙa wuya. Majigin da Jamusawa suka yi a kansa cikin 1954 ya wanke shi fiye da kima.