Carl Wiggers (1883-1963): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Fahimtar Gazawar Zuciya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Carl John Wiggers, Ba'amurke masanin aikin gaɓoɓin jiki, wanda ya shafe kusan shekara hamsin yana auna yadda zuciya ke harba jini. An mai da hankali a kan bincikensa na shekarar 1925, wanda ya nuna cewa zuciya tana rasa ƙarfi idan ɓangarorinta ba su matsa a lokaci guda ba. A kan wannan fahimta aka gina na'urar da ake dasa wa wasu masu gazawar zuciya a yau. Daga ƙarshe an dubi matsayin wannan ilimi a karkarar arewacin Jihar Kano, inda cutar ta yawaita amma kayan awo suka yi ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, inda gona ke haɗe da gona kuma gida ke hango gida, akwai wata rashin lafiya da kowa ya san kamanninta. Mutum ya fara haki idan ya yi 'yar tafiya, ƙafafunsa su kumbura, cikinsa ya ɗauki ruwa, har ta kai ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da bango. Wani ya kira ta kumburi, wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wani kuma ya danganta ta da sammu. A asibiti ana kiran wannan hali gazawar zuciya, wato zuciya ta kasa tura jinin da jiki ke bukata.

Daga cikin hanyoyin da likitocin zamani ke bi wajen tallafa wa irin wannan zuciya akwai dasa wata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke aika ɗan lantarki domin bangarorin zuciya su matsa tare. Tushen wannan dabara yana komawa ga aikin wani mutum da bai taɓa ganin irin na'urar ba, domin ya rasu shekara talatin kafin a fara amfani da ita. Tarihinsa ya cancanci a ajiye shi da Hausa, ganin cewa cutar da iliminsa ya haskaka tana cikin gidajen Hausawa.

2.0 Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Carl John Wiggers ranar 28 ga Mayu, 1883, a garin Davenport na Jihar Iowa a Amurka, a gidan mutanen da asalinsu Jamusawa ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Michigan, ya kammala a shekarar 1906. Tun yana ɗalibi ya zama mataimaki a ɗakin gwaji na Farfesa Warren Lombard, kuma a nan ya fara bincike a kan yadda jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke amsa sinadarin adirenalin. Wannan zama da ya yi ƙarƙashin Lombard ya karkatar da shi daga duba marasa lafiya zuwa binciken yadda lafiyayyen jiki ke aiki. Ya koyar a Michigan har zuwa 1911, sannan ya koma makarantar likitanci ta Jami'ar Cornell, inda ya yi aiki da Graham Lusk.

A shekarar 1912 ya tafi birnin Munich na Jamus wajen Otto Frank, wanda a zamanin babu kamarsa a fagen auna ƙarfin jini. Matsalar masu bincike a lokacin ita ce kayan awonsu suna da nauyi, ba sa iya bin sauye-sauyen da ke faruwa cikin ƙasa da sakan ɗaya. Frank ya ƙera ma'auni mai 'yar siririyar fata da aka manna wa ɗan madubi. Idan ƙarfin jini ya motsa fatar, sai madubin ya karkatar da tsinken haske a kan takardar hoto mai tafiya. Haske ba shi da nauyi, don haka ma'aunin ba ya makara. Wiggers ya koma gida da wannan dabara, ya kyautata ta, ta zama makamin aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Zamansa a Cleveland

A 1918 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban sashen nazarin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Western Reserve da ke Cleveland. Ya riƙe wannan kujera shekara 35, har ya yi ritaya a 1953. A 1921 ya wallafa binciken da ya rarraba bugun zuciya guda ɗaya zuwa matakai masu bin juna, ya kuma auna tsawon kowane mataki. Daga irin wannan aiki aka samu zanen da ke ɗauke da sunansa, wanda ke jera ƙarfin jini a ɗakunan zuciya, da yawan jinin da ke cikinsu, da sautin bugu, da alamar lantarki, duk a kan ma'aunin lokaci ɗaya. Har yau ɗaliban likitanci, ciki har da na Kano da Zariya da Sakkwato, da wannan zane suke fara koyon aikin zuciya.

Bincikensa bai tsaya nan ba. A 1935, shi da Robert Tennant suka nuna cewa idan aka toshe jijiyar da ke ciyar da wani sashe na zuciya, cikin kimanin minti ɗaya sashen zai daina matsawa, ya riƙa bulluƙowa waje yayin da sauran ke matsawa ciki. A 1940, shi da René Wégria suka gano wani ɗan taƙi a ƙarshen kowane bugu wanda idan lantarki ya sami zuciya a cikinsa, sai ta rikice ta shiga karkarwa maimakon harbawa. Ya kuma nazarci yadda ake tsayar da wannan karkarwa da lantarki a jikin dabbobi. Abokin aikinsa a Cleveland, likitan tiyata Claude Beck, ya yi amfani da wannan ilimi a 1947 ya farfaɗo da wani yaro ɗan shekara 14 a kan gadon tiyata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, ya duƙufa a kan yadda jiki ke durƙushewa bayan zubar jini mai yawa, ya fitar da littafi a kan haka a 1950.

4.0 Binciken 1925

Domin a fahimci wannan bincike, sai an san yadda umarnin bugu ke tafiya. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɗakin ƙasa na hagu shi ke tura jini zuwa ga dukkan jiki. Lantarkin da ke tayar da bugu yana farawa daga ɗakin sama na dama, ya gangaro ta wata hanya ta musamman da ta rabu reshe biyu, na dama da na hagu. Saboda saurin wannan hanya, umarnin yakan game ɗakunan ƙasa cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na sakan, sai bangwayensu su matsa kusan tare.

Wiggers ya ɗauki zuciyar kare, ya riƙa taɓa bayan ɗakunan ƙasa da ɗan lantarki a wurare daban-daban, yana auna ƙarfin da kowane bugu ya haifar. Ya tarar cewa bugun da aka tayar ta wannan hanya yana jinkirin tara ƙarfi, kuma ba ya kai ƙarfin bugu na asali. Bayaninsa shi ne lantarkin da ya shiga ta baya dole ya rarrafa cikin tsoka kafin ya sami hanya mai sauri, don haka wani sashe ya riga wani matsawa. Tsokar ita ce dai, ƙarfinta bai ragu ba, lokacin aikinta ne ya saɓa.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya ga ana ɗora jinka a kan rumbu ya san ƙarin bayanin: ko hannaye goma ne, idan na gabas suka ɗaga kafin na yamma, jinkar karkacewa za ta yi, ƙarfin ya tafi a banza. Haka lamarin yake ga mai gazawar zuciya wanda reshen hagu na hanyar lantarkinsa ya toshe. Bangon tsakiya ya matsa tukuna yayin da bangon gefe ke sake, sannan na gefe ya matsa a makare ya tura na tsakiya baya. Jini ya yi ta kai da kawowa a cikin ɗaki maimakon ya fita, zuciyar da dama ta raunana ta ƙara buɗewa.

5.0 Daga Ɗakin Gwaji zuwa Jikin Majiyyaci

An fara dasa na'urar bugun zuciya a jikin mutum a ƙasar Suwidin ranar 8 ga Oktoba, 1958, aikin likita Åke Senning da injiniya Rune Elmqvist. Wannan na'ura ta farko da waɗanda suka biyo ta an yi su ne domin zuciyar da ke bugawa a hankali fiye da kima. Sai a 1994 Serge Cazeau da abokan aikinsa a Faransa suka ba da rahoton majiyyacin da suka tayar wa ɗakunan zuciya huɗu domin su daidaita aikinsu. A yau ana zura waya ɗaya zuwa ɗakin ƙasa na dama, wata kuma a bi da ita ta jijiyar da ke bayan zuciya har gefen ɗakin hagu, na'urar ta riƙa tayar da bangarorin biyu tare. Wani babban gwaji da aka yi a Turai da majiyyata 813, aka wallafa a 2005, ya tabbatar da cewa wannan hanya tana rage mace-mace.

Sai dai ba kowane mai gazawar zuciya take amfana ba. Ana duba ta ne ga wanda ɗakinsa na hagu ke fitar da kashi 35 cikin ɗari ko ƙasa da haka na jinin da ke cikinsa, wanda ya sha magani yadda ya kamata na tsawon watanni bai samu sauƙi ba, kuma awon lantarkin zuciyarsa ya nuna jinkiri a fili. Ko a cikin waɗanda aka zaɓa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙin da ake fata.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Wiggers ya shugabanci ƙungiyar masana aikin gaɓoɓin jiki ta Amurka a 1949, ya kafa mujallar Circulation Research a 1953 ya zama editanta na farko, aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1955. A 1958 ya wallafa tarihin rayuwarsa ta bincike. Ya yaye ɗalibai da dama da suka zama shugabannin sassa, irin su Louis Katz da Robert Berne, kuma ɗansa Harold ya gaje shi a wannan fage. Ya rasu a Cleveland a ƙarshen watan Afrilu na 1963, yana da shekara 79.

7.0 Matsayin Iliminsa a Karkarar Kano

Gazawar zuciya a ƙasar Hausa tana da nata fuska. Hawan jini da ba a kula da shi ba shi ne babban sanadi a tsakanin manya. Akwai kuma wadda ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry sun yi nazarinta a Zariya, inda aka ƙiyasta tana samun kimanin mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka kuma danganta ta da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya fi karkata ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Wannan sauyi abin lura ne ga masu nazarin al'ada, domin an daɗe ana ɗora wa jego laifin da wataƙila na rashin abinci ne.

Da yawa daga cikin waɗannan mata zuciyarsu kan farfaɗo da magani idan an gano cutar da wuri, kuma mafi yawansu ba sa cikin masu bukatar na'ura. Kaɗan da ke bukatarta kuwa, tsadarta ta fi ƙarfin manomin gero da gyaɗa, kuma wani nazarin ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa dashen na'urar bugun zuciya a Nijeriya bai kai ɗaya ga kowane mutum miliyan a shekara ba. Abin da ke raba mai bukatar ƙwaya da mai bukatar na'ura shi ne awon hawan jini, da awon lantarkin zuciya, da hoton zuciya. Biyun farko ba su fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba.

8.0 Kammalawa

Wiggers ya bar wa likitanci hujjar cewa raunin zuciya iri biyu ne, akwai na gajiyar tsoka, akwai na saɓanin lokaci, kuma awo ne kaɗai ke bambanta su. Mai jegon da aka ɗauko daga wani ƙauyen Ɗambatta tana haki ba ta da hanyar sanin wanne ne nata sai an ɗora mata wayoyin awo a ƙirji. Akwai aiki a nan ga masana Hausa: a tattara kalmomin da mutanen karkara ke siffanta haki da kumburi da faɗuwar gaba, a daidaita su da na asibiti, domin majiyyaci da likita su fahimci juna tun kafin ƙafa ta kumbura.