Grantly Dick-Read: Likitan da ya yaƙi tsoron naƙuda

An haifi Grantly Dick-Read a ranar 26 ga watan Janairun 1890 a garin Beccles na gabashin Ingila. Ya yi karatu a jami'ar Cambridge, daga nan ya koyi aikin likita a asibitin London da ke Whitechapel, unguwar matalauta a wancan zamani.

A wannan unguwa ce ya gamu da abin da ya sauya masa tunani. Kamar yadda ya sha bayar da labari, an kira shi wani dare ya karɓi haihuwa a wani ɗan akurkin ɗaki. Da ya miƙa wa matar maganin gusar da hankali na kulorofom, wanda likitoci suka saba bayarwa, sai ta ƙi karɓa. Bayan ta sauka lafiya ta shaida masa cewa ba ta ji zafi ba, kuma ba ta ɗauka ma ya kamata a ji ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin likitan soja, inda aka ji masa mummunan rauni a Gallipoli. Bayan yaƙin ya zauna a garin Woking yana duba marasa lafiya.

A can ne ya tsara ra'ayin da ya yi suna da shi. A ganinsa tsoro ne tushen yawancin azabar naƙuda: idan mace ta firgita, jikinta yakan ɗaure, bakin mahaifa ya ƙi buɗewa cikin sauƙi, zafi ya ƙaru, zafin kuma ya sake haifar da wani tsoron. Maganin abin, a wurinsa, shi ne a koya wa mai juna biyu abin da ke faruwa a jikinta, da yadda za ta saki jiki ta daidaita numfashi, sannan kada a bar ta ita kaɗai a kan gwiwa. Bai haramta magani ba idan buƙata ta taso. Abin da ya ƙi shi ne a sumar da kowace mace ko da ba ta nema ba.

Littafinsa na farko, Natural Childbirth, ya fito a 1933, kuma bai yi wa manyan likitocin Birtaniya daɗi ba. Na biyun, wanda ya fito a 1942, ya shahara da sunan Childbirth without Fear, wato haihuwa ba tare da tsoro ba, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Mata suka yi ta aiko masa da wasiƙu, wasu na godiya, wasu na kokawa da yadda aka yi da su a asibiti.

Duk da farin jininsa a wurin iyaye mata, abokan aikinsa ba su ba shi matsayin da yake nema ba. A 1948 ya koma Afrika ta Kudu, inda sai da ya je kotu kafin a amince masa ya yi aiki. Daga baya ya zaga wasu ƙasashen nahiyar yana nazarin yadda mata ke haihuwa a karkara.

A nan ne ya fi shan suka, kuma da hujja. Ya ɗauka matan da ba su yi cuɗanya da rayuwar Turawa ba suna haihuwa kusan babu wahala, alhali doguwar naƙuda da zubar jini na hallaka mata masu yawa a inda babu asibiti kusa. Masu fafutikar 'yancin mata ma sun soki imaninsa cewa raino da haihuwa su ne babban aikin mace.

A 1956 Fafaroma Pius na 12 ya ambace shi a wani jawabi kan haihuwa. A shekarar ce kuma Prunella Briance, wadda ta rasa jaririyarta wajen haihuwa, ta kafa ƙungiya don yaɗa koyarwarsa, aka naɗa shi shugabanta na farko. Ita ce ta zama National Childbirth Trust, wadda har yau take horar da masu juna biyu a Birtaniya.

Dick-Read ya rasu a ranar 11 ga watan Yunin 1959 a Wroxham da ke gundumar Norfolk, yana da shekaru 69.