Janar Montcalm: Jarumin Da Ya Rasa Kanada

A cikin manyan mayaƙan da Faransa ta aika su kare mata ƙasashen mallaka daga Ingilishi, ba a mantawa da Janar Montcalm. An haife shi a kudancin Faransa a 1712, ya shiga soja tun yana yaro. A yaƙin Piacenza ta ƙasar Italiya a 1746 an sassare shi da takobi, aka kuma kama shi.

A 1756 Sarki Louis na 15 ya tura shi Kanada, wadda a lokacin take hannun Faransa. Da isarsa ya ci sansanin Oswego, shekara ta zagayo ya ci na William Henry. A 1758 kuwa, a Carillon, da soja wajen 3,600 ya fatattaki rundunar Ingilishi ta mutum kusan 16,000.

To, amma cikin gida ba lafiya. Gwamna Vaudreuil, haifaffen Kanada, ya fi son yaƙin sari-ka-noƙe tare da 'yan asalin ƙasar, shi kuwa Montcalm ya raina wannan, ya fi amincewa da jan daga irin na Turai. Kowannensu ya yi ta kai ƙarar ɗan'uwansa Paris. Ai kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 1759 Janar Wolfe na Ingila ya zo da jiragen ruwa ya yi wa birnin Kwibek ƙawanya. Montcalm ya tsare gari wata biyu da rabi. Ran 13 ga Satumba, kafin gari ya waye, sojan Wolfe suka hau wani gangare mai tsayi suka jeru a Filin Abraham, bayan ganuwa. Maimakon ya jira Bougainville, wanda ke kusa da wata runduna, sai Montcalm ya yi gaggawar afka musu. Cikin kamar minti 15 aka karya Faransawa. Wolfe ya mutu a fagen fama. Montcalm ma harsashi ya same shi, ya cika washegari yana da shekara 47.

Kwibek ta miƙa wuya ran 18 ga watan, Montreal ta bi baya a 1760. A yarjejeniyar Paris ta 1763 Faransa ta sallama Kanada ga Ingila.